Kaso Goma Sha Biyu a Teburin Bai Lambi

SHAFI NA 14

Masu bibiya, na ga saƙonninku, har da na waɗanda suka ce na bar dattijo tsaye da akwati a hannu kwana huɗu cur. Ku yi haƙuri, ga shi ya zauna.

Ƙarfe biyu na rana ta gota kaɗan sa'ad da Bai Lambi ya gama jera ƙwandalolin wasa a kan babban teburin falo. Kaso goma sha biyu ya yi, kowanne a gaban kujerarsa. A kowane kaso akwai farare takwas, jajaye takwas, koraye huɗu da baƙaƙe biyu. Fara ashirin da biyar ce, ja ɗari, koriya ɗari biyar, baƙa dubu, wato kowane ɗan wasa zai fara da dubu biyar daidai. Ya ƙirga sau biyu, domin mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar yana duba sikelin 'yan kasuwa, bai saba yarda da ƙirge ɗaya ba.

Gobe goma ga Fabrairu, ranar Waliyyi Haralampi wanda ya ci sunansa, Lambi a taƙaice, Bai kuwa laƙabin girmama dattijo ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana yin gasar kartar poka a gidan nan a wannan rana, daga an taso coci an ci abinci. Bana ce ta farko da babu matarsa Ginka, wadda ta rasu wata huɗu da suka wuce.

Ƙwandaloli ba su ba shi wahala ba. Abin da ya gagare shi shi ne takardar hawa. A kowane zagaye mutum biyu ne ke yin zubin dole tun ba su ga kartarsu ba, ɗaya ƙarami ɗaya babba, kuma bayan ɗan lokaci sai zubin ya hau, ya sake hawa, har masu ƙaramin ƙarfi su zube ɗaya bayan ɗaya, a bar mutum guda. Ginka ce ke rubuta wannan takarda, ita ce kuma ke riƙe agogon girki tana sanar da kowane hawa. Shi kuwa takarda uku ya yaga tun safe, ta huɗu ce a gabansa.

Aka turo ƙofa ba a ƙwanƙwasa ba. Stamen ne, mijin Nedka ƙanwar Ginka, tsohon makanikin tarakta, wato bajanak ɗinsa, kamar yadda mazan da suka auri ya da ƙanwa ke kiran juna. Ya shigo yana ɗingishi, rungume da kwalbar zuma.

"Bajanak, yaƙi za a yi? Na ga an jera sojoji."

"Goge ƙafarka."

"Na goge."

"Ba ka goge ba. Ga sawunka nan tun daga ƙofa."

Stamen ya koma ya goge, ya dawo ya dire kwalbar a gefen tebur.

"Nedka ta ce ka kai coci gobe a sa mata albarka. Ta ce kuma wainar banitsa mai cuku tana nan tafe da safe, kada ka ce za ka yi da kanka ka ƙone gida."

"Na gode mata."

"Mene ne wannan?"

Kafin Bai Lambi ya kai hannu, Stamen ya ɗauke takardar. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Ashirin da biyar da hamsin. Hamsin da ɗari. Saba'in da biyar da ɗari da hamsin. To, wannan daidai ne. Kowane hawa minti... bajanak, idona ne ko hannunka ne ya zame? Minti arba'in da biyar?"

"Haka na rubuta."

"Hawa goma sha biyu?"

"Goma sha biyu."

"Awa tara ke nan, ban da hutu. Da wannan ƙugun nawa? Sai dai a kawo mini gado. In aka bi takardar nan, a nan za mu yi bikin Ista."

"Wasa mai kyau yana son lokaci."

"Ginka minti ashirin take sa wa."

"Ba kullum ba."

Bai Lambi ya jawo akwatin ƙwandalolin, ya zaro wani ƙunshin takardu daga aljihun murfinsa. Sun yi ruwan ƙasa don tsufa. Ya baje su a kan tebur a hankali.

"Jiya na same su. Duk ta adana, talatin da ɗaya. Zauna ka gani."

Stamen ya zauna, amma a bakin kujera.

"Wasa yana ƙarewa ne idan babban zubi ya kai kashi ɗaya cikin ashirin na duk abin da ke kan tebur," in ji Bai Lambi. "In mutum goma sha biyu ne, dubu sittin ke nan, sai zubi ya kai dubu uku. In mutum biyar ne, dubu ashirin da biyar, tun a dubu da ɗari biyu an gama. Ka gane?"

"Na gane. Ba yau na fara jin karatunka ba."

"To duba. Shekarar da muke goma sha biyu, minti ashirin ta sa. Shekarar da muke bakwai, ashirin da biyar. Shekarar ambaliya da muke biyar, talatin. Kullum a fara ƙarfe ɗaya, a gama ƙarfe shida, mutanen ƙauye su sami bas ta ƙarshe. Ba ta taɓa kuskurewa ba."

"Ai Ginka akwai kai."

"Ba maganar kai nake yi ba. Dubi kusurwar sama."

A kusurwar kowace takarda akwai lamba guda a cikin ɗan da'ira. Tara. Goma sha ɗaya. Bakwai. Goma sha biyu.

"Yawan waɗanda suka zo ne," in ji Stamen.

"Yawan waɗanda za su zo ne. Ana gobe take rubuta takardar, a kicin, ina kallonta. Da wannan lamba take farawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da nake tunawa. Sau ɗaya tak aka sami saɓani, shekarar da tsoho Parvan ya zame a ƙanƙara ya karye a hanyarsa ta zuwa nan."

Stamen ya ɗauki wata jar ƙwandala yana jujjuya ta.

"Ajiye. Ka ɓata mini kaso."

Ya ajiye.

"Ranar waliyyin mutum ba a gayyatar kowa," in ji Bai Lambi. "Ka buɗe ƙofa, ka dafa abinci, wanda ya ɗauke ka mutum ya zo da ƙafarsa. Haka ubana ya yi, haka kakana. To wanda bai gayyaci kowa ba, ta yaya zai san mutum nawa za su zo?"

"Mata suna da nasu sanin."

"Stamen, shekara talatin da biyar ina duba sikeli. Babu mai cinka daidai sau talatin. In sikeli ya cika faɗin abin da mai shi ke so, akwai yatsa a ƙarƙashinsa."

Itacen murhu ya yi ƙara ya lafa. Stamen ya dubi ƙofa.

"Bari in tafi, Nedka tana jira."

"Zauna."

"Na yi wa marigayiya alkawari."

"Alkawarin me?"

Stamen ya shafa ƙeyarsa. Ya daɗe yana duban kujerun da babu kowa a kansu kafin ya yi magana.

"Ka tuna duk farkon Fabrairu takan zo gidanmu kwana uku a jere, wai tana taya Nedka ɗinkin labule?"

"Na tuna."

"Ka taɓa ganin sabon labule a gidanmu?"

Stamen ya ci gaba.

"Waya take yi. Ta zauna a zaurenmu, ko kwat ba ta cirewa, ta ɗora littafinta a cinya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu take yi don kada ka ji. Wanda ya ce zai zo ta yi masa alama. Wanda ya ce zai duba, ta sake kira gobe. Akwai waɗanda sai ta kira sau uku."

"Ƙarya kake yi."

"Da ma ƙarya ce."

"Me take ce musu?"

"Bar wannan."

"Me take ce musu, Stamen?"

"Takan ce, kun san halinsa, amma ba shi da mugunta. Ku zo saboda ni. In kun zo kuma ku yi kamar hanya ce ta biyo da ku."

Bai Lambi ya miƙe. Ya tafi wajen taga ya tsaya, ya ba Stamen baya. A waje ƙanƙara na narkewa tana ɗiga daga rufin maƙwabta. Ya tuna yadda yakan tsaya a bakin ƙofar nan kowace shekara da farar riga da ɗamarar wuya, yana karɓar mutane, yana ƙirga su a zuci. Ya tuna yadda yakan ce wa Ginka bayan an watse, kin gani, mutum goma sha ɗaya, ba wanda na kira. Ita kuma takan ce na gani, ta ci gaba da wanke kofuna.

"Ta mai da ni mabaraci," in ji shi, bai juyo ba.

"Ta mai da kai mai baƙi."

"Duk garin sun sani?"

"Waɗanda ke zuwa sun sani."

"Suna yi mini dariya ke nan."

"Ba wanda ya yi dariya. Ginka ba ta da abin dariya."

"To me na yi musu da sai an roƙe su?"

Stamen ya yi ajiyar zuciya.

"Da gaske kake tambaya?"

"Ban taɓa tambayar wasa ba."

"Bara, da ƙwandalolin Minko direba suka ƙare, me ka yi?"

"Na nuna masa kuskurensa."

"Ka tsayar da wasa. Ka ɗauko takarda da fensir, ka yi masa lissafi a gaban mutum goma, har da surukinsa, ka nuna masa cewa ko jikarsa ba za ta bi wannan zubi ba. Mutum mai shekara sittin da takwas. Ya tashi ya shiga kicin, Ginka ta ba shi gahawa."

"Lissafin daidai ne."

"Kullum lissafinka daidai ne, bajanak. Shi ya sa ake gudunka. Zlatan mai kanti fa? Tarar da ka ci shi a kan sikeli tun muna da gashi, har yau in zai zuba ƙwandala sai ka ce a ƙirga masa."

"Wasa nake yi."

"Kai kaɗai ke dariya."

Bai Lambi ya juyo. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, ta dai yi kamar ta ƙara tsufa tun da ya tafi wajen tagar.

"Kai ma?"

"Ni ai dolena ne, 'yar'uwarta nake aure."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Kai ma sai da ta roƙe ka?"

"A gidana take wayar, ina za ta kira ni?"

"Stamen."

"Sau biyu. Shekara biyu kawai cikin talatin da ɗaya. Ka ga ai na fi su."

Ba wanda ya yi murmushi. Bai Lambi ya dawo ya zauna a kujerarsa a bakin tebur, ya jawo takardarsa ta huɗu ya zuba mata ido.

"Minti arba'in da biyar ɗin nan," in ji Stamen a hankali, "ba don wasa ya yi kyau ka sa ba, ko?"

Bai Lambi ya daidaita takardar da gefen tebur.

"Ba ka so su tafi ƙarfe shida."

"Daga ƙarfe huɗu gidan nan ba ya motsi," in ji Bai Lambi. "Ina jin firji daga ɗakin kwana. Da ban san yana da ƙara ba."

Stamen ya sunkuyar da kai.

"Bana wa ya kira su?"

"Babu."

"Nedka fa?"

"Ta ɗauki wayar ranar Litinin, ta fashe da kuka, ta ajiye. Ta ce muryar ba tata ba ce, ba za su ji ta yadda suke jin yayarta ba."

"To mutum nawa zan rubuta a kusurwa?"

"Ni da Nedka za mu zo."

"Nedka ba ta karta."

"To, ni."

Bai Lambi ya bi kason goma sha biyun da kallo, daga na hannun damansa har ya zagayo na hagu. Ya ɗauki fensir, ya kai shi kusurwar takardar, ya yi ɗan da'ira. Bai rubuta komai a ciki ba.

"Mutum biyu ba gasa ba ce," in ji shi.

"Ba gasa ba ce."

"In na kira su da bakina, gobe duk kasuwa za a ji cewa Lambi ya yi bara a ranar waliyyinsa."

"Ginka ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi, harshenta bai faɗi ba."

"Ita don wani take roƙo. Ni don kaina zan roƙa."

"To zauna da sojojinka. Su ba sa gudu."

Stamen ya dafa tebur zai tashi, sai ya ga Bai Lambi ya riga shi miƙewa. Dattijon ya nufi zauren shiga, inda tsohuwar wayar gidan ke girke a kan ɗan kanta, da littafin Ginka mai koren bango a gefenta. Wata huɗu ke nan bai taɓa littafin ba. Ya sa tabarau, ya buɗe. Duk rubutunta ne, ƙanana, a karkace. Sai a lokacin ya lura cewa babu lambar mutum ɗaya a garin nan da ya haddace.

Stamen ya biyo shi ya tsaya a bakin ƙofar falo.

"Da wa za ka fara?"

"Da Minko. Shi na fi ɓata wa."

"Kada ka fara da shi."

"Don me?"

"Fara da Zlatan. Ko a'a, bar Zlatan. Ka bari sai can da yamma ka kira su duka."

"In na bari sai yamma ba zan kira ba. Na san kaina."

"Minko yana barcin rana yanzu."

"Minko ya yi shekara arba'in yana tuƙa bas, bai iya barcin rana ba. Me ke damunka?"

"Bajanak, don Allah ka saurare ni sau ɗaya a rayuwarka."

Amma Bai Lambi ya riga ya fara danna lambobin, yana bin littafin da yatsa don kada ya yi kuskure. Ya kara wayar a kunne. Ta yi ƙara sau huɗu. Yana shirin ajiyewa aka ɗauka.

"Alo, wa ke magana?"

"Minko, ni ne. Lambi."



"Bai Lambi? Wa ya rasu?"

Bai Lambi bai zaci wannan tambaya ba. Ya so ya ji haushi, sai ya tuna cewa sau biyu ya taɓa kiran wannan gida, ran da uwarsa ta rasu da ran da Ginka ta rasu.

"Ba wanda ya rasu."

"To lafiya? Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Na kira ne a kan gobe. Ka san gobe..."

Bai ƙarasa ba, domin kunnensa ya kamo wani sauti daga bayan muryar Minko. Sauti ne da ba zai ɓace masa ba ko a cikin barci: ƙwandalolin wasa ne ake zubawa a tsakiyar tebur. Wani ya ce, "Na bi." Wani ya yi dariya. Dariyar Zlatan mai kanti ce.

Bai Lambi ya waiwayo. Stamen ya kafa wa takalmansa ido.

"Minko, wasa kuke yi?"

"Ai... 'yar hira ce kawai, Bai Lambi. Don rage lokaci."

"Ku nawa ne?"



"Bakwai. Da mun zama takwas, Stamen ne ya ce zai makara."

"Tun yaushe?"

"Bai Lambi..."

"Tambaya ce kawai. Ba zan ɗauko fensir ba."

"Duk Laraba. Tun bayan arba'in ɗin Ginka."

Bai Lambi ya dafa kantar da hannunsa na hagu. Ya ji yana so ya ajiye wayar a hankali, ya koma falo, ya kwashe kason nan ya mayar cikin akwati, kowane launi a layinsa. Zai iya yin haka cikin minti goma, ba kuma wanda zai ce ya roƙi kowa. Ya dubi littafin da ke buɗe a gabansa. A gefen sunan Minko akwai 'yan alamun fensir jere da juna, sun cika layin har sun gangaro ƙasa.

Ya gyara murya.

"Minko, abin da na yi maka bara bai dace ba. Lissafin daidai ne, amma bai dace ba."

Ya mai da wayar ɗaya kunnen, ya ci gaba.

"Gobe ranar waliyyina ce. Na san ba a gayyata. Ni dai ina gayyatarku, ku duka bakwai ɗin. Ƙarfe ɗaya. Za ku zo?"

Ya ji numfashin Minko a cikin wayar, ya ji kuma an ce daga nesa, "Wai wane ne? Zubinka ne fa."

"Bai Lambi," in ji Minko, "wannan ba amsar mutum ɗaya ba ce. Kada ka ajiye. Bari in tambaye su."

Aka dire kan wayar a bisa katako. Aka ja kujera. Ya ji muryar Minko ta yi nisa, tana cewa, "Ku kife kartar tukuna. Lambi ne. Da kansa ya kira."

Ƙarar ƙwandalolin ta ɗauke ɗif.